Sanda Ɗaya a Ɗakin Mai Rediyo

Shekara arba'in da 'yan kai Mai Rediyo ya yi yana korar shuuu daga cikin akwatunan mutane. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, mutum biyu ba sa juyawa a ciki, amma duk rediyon da ya shiga yana tari sai ya fita yana magana raɗau. Yana da kalmar da ta zame masa kirari, yakan faɗe ta yana murɗa ɗan sukuru da ido ɗaya a runtse: babu tashar da ba ta kamuwa, sai dai mai nema ya gaji.

Zamani kuwa bai tambaye shi ba ya juya. Wayoyi suka zo suka haɗiye rediyo, ido ya fara gardama da ƙananan wayoyin cikin akwati, shago ya koma hannun mai sayar da caja. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watsu inda aiki da aure suka kai su. Ya rage shi kaɗai a ɗakin ƙurya na wani tsohon gida, mai bango kauri, taga ɗaya, ga dogayen benaye sun kewaye shi ta kowace fuska. Bai taho da komai daga shago ba sai teburin aikinsa, wanda ƙarfen narka dalma ya yi wa zane-zanen ƙuna. A ɗakin nan sabis ɗin waya leƙe yake yi ya koma. A bakin ƙofa waya takan nuna sandar sabis biyu, a tsakar ɗaki ɗaya, a kan gado babu ko alama.

Cikin 'ya'yan, Auta ce kawai take garin. Aikinta rubuta manhajojin waya a wani kamfani, in aka tambaye shi sai ya ce, "Sana'ata ta gada, sai dai ita nata gyaran ba ya buƙatar sukudireba." Tana zuwa gaishe shi lokaci zuwa lokaci, gaisuwar tsaye, jaka a kafaɗa, mota tana jira. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Mutum ne da ya gwammace ya haɗiye abu da ya roƙa.

Sai wata Asabar ta zo da hantsi, ta yi ƙoƙarin kiran waya daga kan gadonsa, kiran ya ƙi tafiya. Ta daɗe tana kallon fuskar wayar. Asabar ta gaba sai ga ta da kwamfuta da wayoyi uku, ta share teburin, ta jera su, ta cire takalmi ta zauna. Ranar sai bayan la'asar ta tafi.

Ta yi masa bayanin aikin sama-sama. Manhaja ce da malaman jinya na ƙananan asibitoci suke aika bayanan marasa lafiya da ita zuwa babban asibiti. In sabis ya yanke ana tsakiyar aikawa, wani lokaci saƙon ya ɓace, wani lokaci ya tafi sau biyu, wani lokaci kuma ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa har baturi ya ƙare. A ofishin su Auta kuwa, inda sabis yake da ƙarfi, matsalar ba ta nuna fuskarta ko kaɗan.

"Na san irinsu," in ji shi. "Rediyon da in an kawo shi gaban mai gyara sai ya zama na kirki, a mayar da shi gida ya koma halinsa."

"Shi ke nan, Baba, ka gane," ta ce tana dariya.

Ya ji daɗin wannan magana har cikin ransa, sai dai rabi ya gane. Abin da ya ɗauka shi ne yankewar sabis ita ce abokiyar gabar 'yarsa, kuma ga ta nan jibge a ɗakinsa.

Haka Asabar ta zama tasu. Yakan tashi ya share ɗaki, ya goge tebur, ya ɗora ruwan shayi, ya sa rigarsa mai aljihu biyu kamar zai fita shago. Ta ba shi aiki ma.

"Baba, riƙe wannan ka tsaya bakin ƙofa. Sanda nawa kake gani?"

"Biyu."

"To taho a hankali wajen gado."

"Ɗaya. Af, ta gudu."

"Tsaya nan, don Allah kada ka motsa."

Sai ya ƙame kamar an dasa shi, hannu a sama, gwiwa tana ƙara, ita kuma tana ta buga kwamfuta tana karanta wasu layuka masu gudu. Tsakanin gwaji da gwaji suna hira. A nan ya ji cewa ba ta shiri da shugaban sashensu, kuma wai har yanzu in ta shiga kasuwa ta ga mace mai tafiyar mahaifiyarta sai ta bi ta da kallo. Shi ma ya ba ta labarin ranar da aka haife ta, yadda ya bar rediyon wani a buɗe a tebur ya ruga asibiti da sukudireba a bayan kunne. Rabon da su yi hira irin wannan tun tana sa kayan makaranta.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai. Duk sa'ad da ta ce "ya sake yankewa", sai kunya ta kama shi. A ce shi, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kamo wa mutane tashoshin da ke bayan teku, 'yarsa ta zo ɗakinsa da aikinta ta rasa sabis. Yakan ce, "Ki yi haƙuri da ɗakin nan, Auta." Ita kuma ta ce, "Ba komai, Baba," idonta yana kan kwamfuta.

Wata uku ana haka. Ran nan ta rufe kwamfutar da murna ta ce matsalar ta kau, yanzu manhajar tana ajiye saƙo in sabis ya ɗauke, ta aika shi sau ɗaya tak in ya dawo. Ya taya ta murna da zuciya ɗaya. Asabar ta gaba ya share ɗaki, ya ɗora shayi, bai gan ta ba. Ta biye ma haka. Ta kira shi sau biyu a tsakani, muryarta tana zuwa gutsure-gutsure, kafin ya kai bakin ƙofa kiran ya katse. Da aka yi Asabar huɗu sai ya zauna ya binciki lamarin irin na mai gyara, ya kuma gano inda cutar take: yarinya ta gaji da ɗakin da ba sabis, kunya ce ta hana ta faɗa.

Maƙwabcinsa mai walda ne, abokin tsokanarsa na shekaru. Shi ya raka shi kasuwar kayan waya suka samo na'urar ƙara ƙarfin sabis, mai eriya a waje da ɗan akwati a ɗaki. Mai walda ya haɗa masa dogon bututun ƙarfe, ya ce shi zai hau ya kafa.

"Ka zauna ƙasa, tsoho, kada ka faɗo mini a ka."

"Kai da ba ka san gabas da yamman eriya ba? Shiga ɗaki ka riƙe waya, ka dinga faɗa mini abin da ka gani."

Ya hau rufin da kansa, mataki ɗaya hutu ɗaya. Ya yi ta juya eriyar kaɗan-kaɗan, faɗin yatsa, faɗin yatsa, rana tana dukan ƙeyarsa, mai walda yana ƙwala masa ƙidaya ta taga. Biyu. Uku. Ta koma biyu. Can wajen azahar ya ji ihu daga ƙasa: "Ta cika! Wallahi har a kan gado ta cika!" Mai Rediyo ya zauna a kan rufin yana haki, ya faɗi tsohon kirarinsa shi kaɗai. Ya daɗe bai ji kansa mutum mai amfani kamar ranar ba.

Bai gaya mata ba, yana so ta gani da idonta. Kwana goma sha biyu wayarsa tana kan tebur da sanda huɗu cif. A kwanakin nan ta yi ƙara sau biyar, ya ƙidaya. Uku mai walda ne, biyu kuma masu talla.

Asabar ta biyu da kafa eriyar sai ga Auta da jakarta, a gaggauce. Wata sabuwar matsala ta ɓullo, in waya ta bar wayifai, wato intanet ɗin cikin gida, ta koma kan sabis mai rauni sai manhajar ta sandare, kuma ranar Litinin ake so a miƙa aikin. Ta gaishe shi, ta jera wayoyi, shi kuwa yana tsaye a gefe yana danne murmushi. Ta ɗauki ta farko ta duba, ta ɗauki ta biyu. Ta je kan gado ta zauna, ta sake dubawa.

"Baba, me ya sami ɗakin nan?"

Ya nuna mata akwatin da ke manne a bango, da wayar da ta bi ta taga zuwa sama. "Ni na hau da kaina. Daga yau ba abin da zai ƙara yanke miki aiki."

Ta kalli akwatin, ta kalle shi, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ba dariyar mugunta ba ce, dariyar 'ya ce da ubanta ya ba ta mamaki.

"Kai, Baba! Ai saboda rashin sabis ɗin nake kawo aikin nan. Duk garin nan na zagaya, ban sami inda yake yankewa daidai yadda nake so ba sai ɗakinka. Mu da muke nemansa ido rufe, kai ka kore shi!"

Ta ɗago ta ga fuskarsa, dariyar ta ɗauke.

"Da kuma ganinka mana, Baba," ta ce da sauri.

"Ai na sani," ya ce. "Garin neman gira ne tsohonki ya so ya rasa ido."

Ya miƙa hannu ya zare filogin akwatin. Suna kallo sandunan suka zube ɗaya bayan ɗaya har ya rage guda. Ta ce, "Yauwa, na gode," ta jawo kwamfuta. Ya karɓi waya ya tafi bakin ƙofa, ya taho a hankali zuwa gado, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Ya yi aikin nan tsaf kamar kullum, har da ba'a, amma ransa ya riga ya karye. Wata ukun nan da yake ta juyawa a zuciyarsa yana jin daɗi, ashe bangon ɗakin ake kawo wa ziyara, shi ɗan rakiya ne. Bai ga laifinta ba, kuma rashin wanda zai ɗora wa laifin ya ƙara masa ciwo.

Duk da haka, mai nema ba ya gajiya. In bango take so, to bango zai ba ta. Washegari ya sake hawa rufin ya kwance eriyar da bututunta, ya naɗe wayar, ya tura komai ƙarƙashin gado, don kada wata rana ta zo ta ji nauyin cewa a kashe. Ya jira Asabar biyu. A ta uku ya taka har bakin titi, inda sabis yake da kyau, ya kira ta.

"Auta, ɗakin ya koma yadda kika san shi. Na cire abin gaba ɗaya."

"Haba, Baba, don me? Da ka bar shi! Ai an kawo mana wata na'ura a ofis, muna zaune muke rage ƙarfin sabis yadda muka ga dama, mu yanke shi mu dawo da shi. Na daina wahalar da kai da tsayuwa. Ka sa a mayar maka da eriyarka, ko na dinga samunka in na kira. Zan shigo in na sami sarari, in sha Allahu."

"Allah ya taimaka," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ya tsaya a bakin titin har fuskar wayar ta yi duhu, sannan ya koma ciki.

Tun daga nan an yi watanni. Tana shigowa jefi-jefi, gaisuwar tsaye, jaka a kafaɗa, duk zuwa kuma sai ta yi masa maganar eriya, shi kuma ya ce gwiwa ce ta hana. Har yau ranar Asabar yana share ɗaki ya goge tebur, ya ce ai tsabta ce kawai. Mai walda ya gaji da gani, wata Asabar da hantsi ya shigo ya jawo bututun daga ƙarƙashin gado.

"Yau ni zan hau, ba sai ka motsa ba. Mutum yana da maganin abu a ƙarƙashin gadonsa, ya zauna waya ba ta shigo masa?"

"Mayar da shi."

"Don me, fisabilillahi?"

Mai Rediyo ya dubi wayarsa da ke kan tebur, sanda ɗaya tana leƙowa tana ɓacewa.

"Kwana goma sha biyu na yi da sanda huɗu," ya ce. "In ba ta yi ƙara ba, na san dalili. Yanzu kuwa in na ji shiru, sai in ce sabis ne."

Mai walda ya tsaya da bututun a hannu. Can ya durƙusa ya mayar da shi inda ya ɗauko, ya jawo kujerar da ke gaban tebur ya zauna, ya ce a zuba masa shayin.