Dogo da Lambar da Aka Ɓoye

Dogo, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa yarda da wayar da ba shi ya haɗa ba. Aikinsa ke nan, haɗa wayoyin lantarki a wani ɗakin gwaji na ƙarƙashin ƙasa, inda masana ke harba ƙwayoyin lantarki cikin dogon bututu, suna auna ɗan bambancin da ke tsakanin masu juyawa dama da masu juyawa hagu. Lissafi ya riga ya faɗi yadda bambancin zai kasance. Su dai so suke su ga ko zai kuskure ko da ƙiris.

Masanan suna da wata al'ada: kwamfuta kan cusa ɓoyayyiyar lamba cikin sakamakon, ta rufe ainihin awon kada son zuciya ya ja hannun kowa, sai an gama a cire. Dogo bai gamsu ba.

"Ni ake ɓoye wa," ya ce wa matarsa. "Wayoyina suke zargi."

"Kai dai, Baban yara! Ba ka ce Farfesar da ke shugabantar aikin ma ba ta san lambar ba?"

"Haka dai ta ce."

Bawan Allah har ya rame. Kullum yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana lura da duk wanda ya rage murya in ya shigo.

Ranar da za a cire ɓoyayyiyar lambar ya rakuɓe bakin ƙofa, hularsa a gwiwa. Lamba ta fito a allo. Wani ya ja tsaki, Farfesa ta dafe kai. Dogo ya fice.

Farfesa ta cim masa a matakala. "Malam Dogo, lafiya?"

"Ranki ya daɗe, faɗa mini wace waya ce."

"Babu ko ɗaya! Awo ya yi daidai da lissafi, cif."

"To jimamin na mene ne?"

"Mun so ya saɓa ne, mu samu sabon abu."

Ya daɗe yana kallon fuskarta. Tunda yake bai taɓa ganin wanda ya yi baƙin ciki don aiki ya yi kyau ba.

A ciwonsa na ƙarshe Farfesa ta je duba shi asibiti. Ya jira matarsa ta fita ɗebo ruwa, sannan ya rage murya.

"Yanzu ba kowa. Ki faɗa mini wace waya ce, zan iya ɗauka."

Ta rantse masa babu wayar da ta samu matsala, hawaye na zuba. Ya lumshe ido, ya ɗan murmusa.

"To," ya ce. "Na karɓa. Amma a sa wani ya sake dubawa."