Sarkin Yaƙin Baba

Yau a kasuwar Batsari mai tura fina-finai ya ce min, "Ƙarshen fim ɗin Koriyan nan na Baba ya iso fa." Sai na miƙa masa wayata ya tura min.

Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu, Baba ba ya kallon komai sai labarin wani sarkin yaƙi da aka kora daga ƙasarsu. Wata rana ya tambaye ni, "Ɗan nan, wai zai koma gida kuwa?"

Na ce, "Baba, bari ƙarshen ya fito mu gani."

Baba bai ga ƙarshen ba, Allah ya jiƙansa. Na kalla ni kaɗai, sarkin yaƙin ya koma.

Da ma tun ranar na ce masa eh. Ku da me za ku ce masa?