Telan da Muka Naɗe Kafet Ɗinsa: Ta'aziyyar Malam Tamimu Damagaram

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, Allah ya karɓi ran Malam Tamimu Damagaram, tela, a ɗakin hayarsa da ke unguwar Morrisania, a nan ƙasar waje, yana da shekara sittin da ɗaya. Maƙwabcinsa Kwabena, mutumin Ghana, shi ya sa aka ɓalle ƙofar ranar Juma'a, aka tarar da gawarsa. Cikinmu babu wanda ya lura ba ya nan.

Yaya Tamimu, ni ne Mahamudu. Kai ka ɗauko ni daga filin jirgi a 2004, ka shimfiɗa mini katifa a bayan shagonka na titi na 116, ka riƙe hannuna a kan almakashi har na iya yanka shadda. Duk baƙon da ya sauka daga gida ba shi da kowa, shagonka ake nuna masa. Ana jibi Sallah kana ɗinka wa marayun unguwa kaya, ka ce iyayensu mata kada su yi maganar lada. Kafet ɗin masallacinmu ma kai ka shimfiɗa.

Ba mu tambayi inda kuɗin yake fitowa ba. A 2009 wani kamfani mai shirya finafinan batsa ya ba ka aiki. A lokacin suna kwaikwayon manyan finafinan sinima ne, suna kashe dukiya kamar na gaske, don haka suna neman telan da zai yi musu alkyabbar jarumai da sulken mayaƙa da rigunan sarauta irin na asali. Awo suke aiko maka, ka ɗinka, ka aika. Ko sau ɗaya ba ka taka inda suke ɗauka ba. Amma sun sa sunanka cikin jerin ma'aikata a ƙarshen faifan.

Ni na gani. Na sayi faifan a titin Canal Street, na kalle shi a ɓoye har ƙarshe. Washegari na same ka a kan keken ɗinki.

Ka ce, "Tufafi nake ɗinkawa, Mahamudu. Abin da suke yi bayan sun tuɓe su ba aikina ba ne."

Na ce, "To ka faɗa wa liman haka."

Ni na kai faifan gaban kwamitin masallaci. Dattawa shida suka zauna, babu wanda ya tambaye ni yadda aka yi na kai ƙarshensa. Biyu daga cikinsu ma sun gane kamfanin kafin in ambaci sunansa. Ranar Asabar aka naɗe kafet ɗinka aka jingine shi a bakin titi tare da shara, kana tsaye a ƙofar shago kana kallo. Waɗanda suka kwana a katifarka suka fara tsallaka titi idan sun hango ka. Masu kawo maka ɗinki suka koma wurina, domin na buɗe shago ƙofa huɗu da naka. Ban kori ko ɗaya ba.

Sai kasuwar da ka rasa mu dominta ta mutu. Mutane suka daina sayen faifai, kowa yana kallon abinsa kyauta a waya, kamfanoni suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mai kamfanin naku ya kira ka yana dariya, ya ce abin da ake yi yanzu ba ya buƙatar tela. Ka rufe shago a 2015. Mai ɗakinka Abiba, wadda mata suka daina gayyata suna da biki, ta ɗauki 'yarku Rafi'atu ta koma wurin 'yan uwanta a wata jiha. Hannun da ya ɗinka wa jakadu babbar riga ya ƙare yana kalmasa ƙafar wando a gidan wanki da guga.

Bara na gan ka a jirgin ƙasa. Ka ɗaga mini hannu, na sunkuyar da kai a kan wayata.

Mu tara muka yi maka salla. Wani dattijo ya tambaya ko ya halatta, aka ce masa ya halatta, sai ya ce yana da uzuri. Kwabena, wanda ba addininmu ɗaya ba, ya tsaya daga nesa cikin sanyi har aka gama rufe ka.

Na kira Rafi'atu in yi mata gaisuwa. Ta bari na gama, sannan ta amsa da Turanci cewa ta san ko ni wane ne, ta ajiye wayar.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Tamimu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka rufa masa asirin da muka tona, Ka sanyaya makwancinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Abiba da Rafi'atu da danginsa na Damagaram, ko sun karɓa ko ba su karɓa ba. Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma da muka rage, Allah ya yi mana hisabi da sauƙin da ba mu yi masa ba. Amin.