Noeleen, Mai Rufe Muryoyin Waɗanda Suka Tafi

Kafin a buɗe kanti, Noeleen ta riga ta zauna a barandar makaranta da shayinta da kwamfutarta mai tsagaggen murfi. Duk wanda ya wuce sai ta tambaye shi ko an yi rashi. Ni nakan wuce da motar 'yan makaranta, in ce mata tukuna dai ina nan.

Ita ke kula da manhajar harshenmu, wadda yara ke latsawa a waya su ji dattawa suna faɗin sunayen kifi da itatuwa. Har ni an ɗauki muryata, kalma ɗaya: ƙaguwa. Iyakar abin da kwamiti ya amince na sani ke nan.

A wurinmu idan mutum ya rasu ba a kiran sunansa, ba a jin muryarsa, sai danginsa sun yarda. A da, cire murya sai an aiko sabuwar manhaja daga birnin Darwin kowa ya sauke, mu kuwa ba mu sauke komai sai waya ta ƙi tashi. Noeleen ta zauna ta raba abin, kowace murya da makunninta. Da an buɗe manhaja sai ita da kanta ta fara duba wanda aka rufe, ta yi shiru a kansa.

Ranar da tsohon da ke faɗin sunayen kifi a manhajar ya rasu a asibitin Darwin, labari ya sami Noeleen a bakin ruwa, laka har gwiwa. Jikokinsa suna gida kusa da matarsa, Gwaggo Ursula, waya a hannu kamar kullum. 'Yata Cherise tana bakin ruwan tare da ita, ta ce ko hannu Noeleen ba ta wanke ba ta hau tudu neman sabis don ta rufe muryarsa. Da yaran suka latsa, kifi ya fito, murya babu.

Bayan jana'iza Gwaggo ta zo ta ce a goge shi gaba ɗaya. Noeleen ta ce in ta nace za ta goge.

"Amma Gwaggo, ba mai jin sa sai ranar da kika ce. Bar shi a ajiye."

Tsohuwar ta kira ta mai kunnen ƙashi, ta tafi.

Ke ce ba ki taɓa mantawa da wanda ke makoki ba, Noeleen, ko da mu mun manta.

Watan jiya aka ji za ta ajiye aiki saboda idanunta. Sai ga Gwaggo da ƙannen mamacin. Gwaggo ta ce:

"Ke, buɗe shi. Ƙaramin jikansa da Turanci yake kiran kifi."

Aka buɗe a wani ɗaki na makaranta, muka shiga saurare. Gwaggo ba ta shiga ba. Ta tsaya nesa da ƙofa, da na fito ta tambaye ni ko muryar ta fito sosai. Na ce tas.

Mun gode, Noeleen. Ku kuma samari masu goge hotuna da waya ta cika, ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya nuna muku inda makunnan suke.