Motar da Daeng Nompo Ya Toshe

Mijin yayata, Daeng Nompo (Daeng laƙabin girmamawa ne a wajenmu), bai taɓa yarda da huji ba. Tun yana yaro yake sassaƙa jiragen katako a bakin teku nan Tana Beru, kamar ubansa da kakansa, kuma a sana'arsu duk kafar da ruwa zai bi abokiyar gaba ce. In ya zo gidana, kafin ya zauna sai ya ɗaga kai ya nemo inda kwano ke yoyo, ya kuma faɗa mini ko ban tambaye shi ba. Ni da shi ba mu cika shiri ba. Shi ga taurin kai, ni ga rashin riƙe baki, yayata Rabasia dai ta sha rabon faɗa.

Da ciwon ƙoda ya kama Rabasia, sai ya zama dole a riƙa kai ta asibiti a Bulukumba ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. A babur yake kai ta. Zuwa da sauƙi, dawowar ce aiki, don takan fito jiki ba ƙwari, sai ya ɗaure ta a bayansa da zani kada ta zame. Wata rana ruwan sama ya tare su a hanya, ta jiƙe sharkaf, sanyi ya shige ta, ta kwanta tana tari har muka fara fid da rai. Da ta tashi, likita ya gaya masa ƙarara cewa jikinta ba zai ɗauki irin wannan karo na biyu ba. Ga damina ta ƙarato.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya sayar da katakon da ya daɗe yana tarawa don ya sassaƙa wa kansa ɗan jirgin kamun kifi, ya tafi Makassar ya dawo da mota. Tuƙi dai ya iya, don ya taɓa jan motar katako yana saurayi. Amma motar, sai wanda ya gani. Hon ba ya kuka sai an doki sitiyari, fitila ɗaya ta mutu, gilashin gefe in ya sauka ya sauka ke nan. Tsatsa ta cinye gindin ƙofofi, wajen sa ƙafa kuwa in ka ɗaga tabarmar roba kana hangen titi yana gudu. Na ce masa wannan ai rariya ya sayo. Ya ce bai aiko a kira ni ba.

Ya shigar da ita ƙarƙashin gida, don gidajenmu a kan dogayen ginshiƙan katako suke, ya tuɓe riga. Duk abin da ke tsakanina da shi, aiki dai ya yi shi. Ya kankare tsatsar da burushin waya har ƙarfe ya yi fari, inda ya ruɓe ya yanke ya kai wa mai walda ya ɗinke. Ya bi wayar hon da yatsa har ya samo inda ɓera ya ci. Gilashin nan ya kwance ƙofar gaba ɗaya a kansa, ya mayar, ya sake kwancewa, don ya manta da wani noti a aljihu. Rabasia takan zauna a matakala da bargo a kafaɗa, tana miƙa masa kofi da soyayyar ayaba, yana karɓa da hannu baƙi ƙirin.

A cikin wannan aiki ne ya gano wasu 'yan hujoji jere a ƙasan kowace ƙofa, da wasu a kwarin da ke gindin gilashin gaba. Ba tsatsa ce ta yi su ba, da gangan aka yi su, kuma wannan ne ya fi ɓata masa rai. Ya ce duk wanda ya ƙera motar nan bai taɓa ganin teku ba. Daeng Sarro, abokinsa tun na yarinta da ke jan ƙaramar motar haya, ya biyo yana leƙe, ya fara cewa akwai abin da yake so ya nuna masa, Nompo ya ce ya je ya koya wa fasinjojinsa. Ya ɗauko ɓawon itacen da suke cusawa tsakanin katakan jirgi, ya danna a kowane huji, ya bi da ƙaro, ya shafe. Sannan ya fente motar da ragowar shuɗin fentin jirgi. Ta yi kyau, ban dai faɗa masa ba.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ta faɗo ranar asibiti. Tun asuba ake tafkawa, motar na tsaye a ƙofar gida. Ya ɗauko Rabasia a ƙarƙashin lema ya zaunar da ita a gaba, ni na shiga baya. Muna tashi na ji ƙofofi suna kwal-kwal kamar tulun da bai cika ba. Da ya taka birki a gangaren farko, sai ruwa ya kwararo daga ƙasan gaban motar, ya zube a ƙafafunta. Ta ɗaga ƙafa, amma zaninta ya jiƙe har gwiwa. Maganata tana bakina, amma da na ga fuskarsa a madubi sai na haɗiye ta. Tsoro na gani, kuma ni ma shi ya kama ni. Na naɗe mata ƙafafu da zanin da na riƙo, muka isa tana rawar sanyi. Ta yi ɗan zazzaɓi, Allah ya taƙaita.

Kashegari da safe ya taka da ƙafarsa har tasha wajen Sarro. Masu shayi a wurin sun ba ni labari kafin ma ya dawo gida.

"A'a, yau babban masassaƙi ne da kansa? Ko jirgin ya nutse a tudu?" in ji Sarro.

"Yi dariyarka ka gama, Sarro, sannan ka gaya mini. Matata ce ke zama a ciki."

Nan dariyar ta tsaya. Sarro ya ja shi gindin tasa motar, ya nuna masa hujojin a buɗe suna ɗiga. Ya ce jirgi ruwansa a ƙasa yake, mota kuwa daga sama nata yake zuwa, ta gefen gilashi yake sulalewa ko an ƙi ko an so, aikin mai ita shi ne ya bar masa hanyar fita.

Nompo ya dawo ya kwanta a gefen motar da injin huda a hannu, ya daɗe bai kunna ba. Hannun da ya tsufa yana toshewa ne, abin ya yi masa nauyi. Rabasia tana kallonsa daga matakala.

"Daeng, ai jirgi ma kai kake huda masa cibiya a gindi bisa al'ada kafin a tura shi ruwa."

"Wancan ina hudawa ina toshewa."

"To motar nan ka yi bisimilla ka bar mata tata cibiyar a buɗe."

Ya yi bisimillar. Huji na farko, ruwa ja mai warin ƙarfe ya tsinke masa a ƙirji, bai ko kauce ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya buɗe, ya bar ƙofofin suka sha iska, ya shafe bakin kowane huji da fenti kada tsatsa ta samu wurin kamawa. Sannan ya aika a kira ni. Ya zaunar da ni a kujerar Rabasia, ya rufe ƙofa, ya shiga kwara wa motar bokiti bayan bokiti daga rijiya. Ya ce ni ya zaɓa don ya san in ɗigo ɗaya ya taɓa ni duk unguwa sai ta ji. Na zauna ina lalube ƙasa da tafin ƙafa, ina jin ruwan yana bi ta cikin ƙofa yana zuba a ƙasa. Ya sa muka maimaita har rana ta yi sanyi, kafaɗunsa suna rawa.

Ranar asibiti ta gaba ruwan ya fi na farko. Ya yi tuƙi a hankali, rabin idonsa a titi, rabi a ƙafafunta. Da muka tsaya a rumfar asibitin, ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, amma bai bari ta sauko ba. Shi dattijo da furfurarsa, sai ya durƙusa a kan siminti, a gaban masu jiran layi, ya kama bakin zaninta ya matse a hannu. Ya saki, ya sake kama wani gefen ya matse.

"Tashi mana, Daeng, mutane na kallo," in ji ta.

"Su kalla. A bushe yake."

Ya miƙe da ƙyar, ya ba ta hannu, ta dafa shi suka shiga.