Katin Awon Da Na Ƙi Dubawa

Ina tankaɗen garin tuwo a tsakar gida, da hantsi, ƙanwar marigayi maigidana ta yi sallama ta shigo, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni. Bayan mun gaisa sai ta rage murya ta ce yarinyarmu ta yi ɓatan wata, na biyu ke nan. Ban ɗago kai ba. Na ci gaba da kaɗa rariya kamar maganar tsadar gero take yi mini, ita kuwa ta yi dariya ta ce ta san na ji, in yi ta fama da garina. Allah shi ne shaida, a ranar farin ciki ya hana ni cin abincin rana, amma ko "Allah ya raba lafiya" ban ce ba sai da ta tafi, na shiga ɗaki na faɗa ni kaɗai.

A lokacin shekarata arba'in da 'yan kai, ina zaune a gidanmu na gado a Madabo, ina sana'ar alkaki da nakiya na biki. Karatuna bai wuce firamare ba, sai Islamiyyar matan aure da nake zuwa. Iyayenmu Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka zauna cikin birni, shanu sun ƙare amma kunya ba ta ƙare ba. Yarinyar da ake magana ita ce 'yata ta fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka na tashi na gani, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa kuskurewa ba. Tun da aka yaye ta, wannan gwaggon tata ce ta ɗauke ta riƙo, ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta makaranta, ita ta zauna a matsayin uwa ranar aurenta. Ni 'yar Gwaggo nake ce mata, ita kuma Adda take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna kirana.

An kai ta Ƙofar Na'isa. Mijinta yaron kirki ne, direban babbar mota, in ya yi Kudu sai ya yi sati biyu ko uku bai dawo ba, mahaifiyarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Saboda haka duk abin da ya shafi cikin nan a hannun Gwaggo yake. Ita ta raka ta awon farko a wata na uku, aka yanka mata kati, aka ɗebi jini, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Gwaggo ta biyo ta gidana ta ba ni labari tana kallon wani wuri, wai masu awo sun ce komai lafiya, sai dai laulayi ya sa ko ƙamshin miyar kuka ba ta so. Ni kuma na saurara ina kallon wani wurin. Washegari na daka yajin daddawa na soya dambun nama na ba Gwaggo, na ce ta kai wa masu laulayi, ban ce daga wa ba. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma a ganina ya isa.

Cikin yana wata biyar Gwaggo ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, ɗanta ya zo ya tafi da ita Zariya wajen jinya. Na je sallama, ta riƙe hannuna ta ce ga amanar 'yarta nan, in daure in rage wannan hali nawa har ta dawo. Na ce to. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, don ina ganin ciki ai ba ciwo ba ne, ni huɗu na haifa a ɗaki ban taɓa taka wajen awo ba.

Ranar da nake so in ba da labarinta wata Alhamis ce, cikin ya shiga wata na bakwai. Ina da aikin alkakin wani biki, mata huɗu na unguwa suna taya ni, tsakar gida cike da hayaƙi da hira. Sai ga ta ta yi sallama. Daga asibiti take, ko gida ba ta koma ba. Abin da na fara gani ƙafarta ce, ta take bayan takalmin saboda ya ƙi shiga, fuskarta kuma ta cika har idanunta sun ƙanƙance. Matan nan suka sa ta a gaba da tsiya. Ɗaya ta ce irin wannan kumburi ai namiji ne, wata ta ce a'a tagwaye ne, a fara neman turmi biyu na dakan yaji. Babbarsu ta juyo kaina ta ce, "Kaka, ba kya tashi ki karɓi jakar maigidan naki? Ko kishin ya fara tun bai iso ba?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zo ta durƙusa da ƙyar a gefen tabarmata. Ta buɗe jaka ta ciro katin awon, ta ajiye shi kusa da gwiwata, ta ce a hankali, "Adda, sun ce jinina ya hau. Sun ce ranar Talata in zo da babba."

Da a ɗaki ta same ni ni kaɗai, wataƙila da na saurara. Ina faɗa wa kaina haka, ban sani ba ko gaskiya ne. Abin da na sani shi ne hira ta tsaya, idanu takwas suna kaina suna jiran su ga yadda Bafulatana za ta yi da maganar cikin 'yar fari. Na sa bayan hannu na ture katin, na ce, "Ni za ki kawo wa wannan magana? Ba ki da gwaggo ne?" Matan suka yi shewa, suka ce kunya dai sai Fulani. Na ji daɗin yabon, wannan ma dole in faɗa. Ita kuwa sai ta miƙa hannu. Ta ɗauki katinta ta mayar jaka, ta ɗan zauna ta taya mu jera alkaki a kwalla, da la'asar ta yi sallama. Na cika mata leda da alkaki na miƙa wa ɗaya daga cikin matan ta ba ta.

Daga Alhamis zuwa Talata ban sami sukuni ba. Ina da waya, tana da waya, amma ban taɓa kiranta ba sai dai ita ta kira ta gaishe ni, kuma a kwanakin nan ba ta kira ba. Na yi tunanin in kira Gwaggo, sai na ce mai jinyar ƙashi me za ta iya daga Zariya. Ranar Talata da safe na sa hijabi na hau a-daidaita-sahu har ƙofar asibitin da take awo. Daga bakin titi ina hango rumfar da masu ciki suke zama a kan benci, ana yi musu bayani. Ina cikin neman ta inda zan shiga ba a lura da ni ba, sai na yi kiciɓis da wata matar unguwarmu ta fito da jikanta daga rigakafi. Ta tambaye ni wa na kawo, ko 'yar Gwaggo ce. Bakina ya riga tunanina, na ce a'a, kasuwa za ni sayen alkama, mai a-daidaita-sahun ne ya sauke ni a nan. Ta ce ai hanyarmu ɗaya. Haka na bi ta muka tafi, na sayi alkamar da ba na bukata na koma gida. Na ce wa raina Talata mai zuwa zan dawo da wuri kafin mutane su taru.

Ranar Asabar da hantsi maƙwabciyarta ta kira ni tana kuka, wai ta shiga aron rariya ta same ta a ƙasa tana jijjiga, ta ciji harshenta, sun sa ta a mota sun yi babban asibiti. Ban san yadda na isa ba. Na tarar an shiga da ita, jakarta a hannun maƙwabciyar. Wata ma'aikaciyar jinya ta fito da takarda ta tambaya wace ce uwarta, na ce ni ce, kuma wannan ne karo na farko da na faɗi haka a gaban mutane. Ta ce in faɗi cikakken sunan mara lafiya. Na buɗe baki, amma sunan da shekara ashirin da biyu ban taɓa faɗa ba ya ƙi fitowa. Sai na zuge jakar na ciro katin na miƙa mata.

Ta karanta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta nuna mini layin ƙarshe da yatsa, ta fassara mini da Hausa. Ranar Talata yarinyar ta je awo. Jinin ya ƙara hawa, an ce za a kwantar da ita a ranar, an tambaye ta mai jinya ta ce babu, an ce ta kira wani, ta ce za ta je gida ta zo da yayarta, wato ni. An rubuta cewa ba ta dawo ba. Daga baya maƙwabciyar ta gaya mini cewa a ranar sai bayan azahar ta koma gida, ta ce mata ta zauna a bencin rumfar asibitin ne ko Adda za ta zo. Mijinta ma da ya iso ya ce ta faɗa masa a waya sama-sama, shi kuma ya ce ta je ta gaya mini, ta ce masa ta gaya mini. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba, har yau kuma bai taɓa tayar da maganar ba. Ranar Talatar nan ina bakin titi tana cikin rumfa, tsakaninmu bai fi taku talatin ba.

Aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, ƙarama ƙwarai, aka sa ta a kwalba. Uwar ba ta farfaɗo ba. Kwana biyu ina zaune a gefen gadonta, na goge mata fuska, na gyara mata ɗankwali, na riƙe ƙafar nan da ta kumbura ina matsawa, abin da ban taɓa yi mata ba tun tana jaririya. Ma'aikaciyar ta ce in riƙa kiran sunanta, wani lokaci suna ji. Na sunkuya saitin kunnenta, abin da ya fito shi ne, "'Yar Gwaggo, ga ni na zo." Ranar Litinin bayan sallar azahar Allah ya karɓi abarsa.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, masu ta'aziyya sun faɗa mini, na kuma yi imani da haka. Amma ni aka kawo wa katin, ni na ture shi, kuma wannan ba zan ɗora wa ƙaddara ba. Matan da suka yi mini shewa sun zo zaman makoki, ba wadda ta tuna da Alhamis ɗin nan, ko kuma sun tuna sun yi shiru. Yabon da na saya da ita bai kai yamma ba. Gwaggo da aka kawo ta a kan keken marasa lafiya ba ta tambaye ni komai ba, ni na faɗa mata da bakina bayan addu'ar bakwai. Ta ce ita ma da laifinta, da ta karɓi yarinyar gaba ɗaya har ba ta bar mini ƙofar shiga ba. Na san don ta rage mini nauyi ta faɗa. Malamarmu ta Islamiyya kuma, da na tambaye ta ba tare da na ce ni ce ba, ta ce kunyar ɗan fari al'ada ce, addini bai hana uwa jinyar 'yarta ba, bai hana ta kiran sunan da ubanta ya raɗa mata ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan, ban saba rubutu ba, a yi haƙuri da yadda ya zo. Iyaye mata 'yan'uwana, musamman masu irin tarbiyyarmu, idan yarinya mai ciki ta zo miki da katin awo, ki karɓa, ko ba ki iya karantawa ba ki nemi wanda zai karanta miki a ranar. Idan ƙafa da fuska suka kumbura, ko tana kukan ciwon kai da jiri, kada ki tsaya lissafin namiji ne ko tagwaye. Idan masu awo suka ce a zo da babba, ba don su ba ki kunya ba ne, akwai abin da suka gani. Ku kuma 'yan mata masu cikin fari, in babbar da kika nufa ta kau da kai, ki nemi wata, ki gaya wa maƙwabciya, ki koma asibitin ko ke kaɗai ce ki ce ba ki da kowa. Kada ki zauna a benci kina jiran irina.

Jaririyar ta rayu. Ubanta ya mayar mata da sunan uwarta, ya kuma bar mini ita riƙo, 'yan gida suka yi mata alkunya suna kiranta Ummi. Ina goya ta, ina yi mata wasa a gaban kowa, duk rigakafinta ni na kai ta da ƙafata. Katin awon yana cikin kwallata, ranakun da suka rage a jikinsa babu rubutu. Tun ranar suna na yi niyyar wata rana zan zaunar da yarinyar nan in kira ta da sunanta na gaskiya, da ƙarfi, yadda za a ji a tsakar gida. Bana ta shiga shekara ta huɗu. Har yanzu ban kira ba.