Ranar da Baba Ya Je Zaɓen Bindigar Iska

Mahaifinmu makaniki ne, kuma a garejin da ya tsufa a ciki ba mai kiran sunansa na yanka. Filaya suke ce masa. Abokansa na rantsuwa cewa notin da ya gagari sifana da yatsu yake kwance shi. Ni dai ban gani ba. Abin da na sani, in ya rufe murfin kwalba da safe, to sai ya dawo daga aiki za a ci abin da ke ciki.

Da ya bar gareji sai ya koma wani ɗan lambu da ya saya a bayan gari. Latas, karas, kabeji, ga rumfa da benci. Mutumin da bai taɓa yi mana hira mai tsawo ba, sai ga shi yana ba da labarin kabeji har abinci ya huce.

Ana nan hawan jini ya kayar da shi. Allah ya taƙaita, ya tashi, ya koma tafiya da ƙafarsa, sai dai hannun dama bai dawo daidai ba. Kafin ya warware, zomaye da kurege sun mai da lambun gidan ubansu. Guba ya ce ba zai sa ba saboda kajin maƙwabta. Tarko kuma kyanwar mutane ya kama.

Nan Yayanmu ya samu bakin magana. Ya ce a sayar da lambun, Baba da Mama su koma gidansa, ya riga ya gyara musu ɗaki. Mama ta fi kowa so, don ta gaji da zaman jiran tsammani duk ranar da Baba ya fita shi kaɗai. Da kowa ya gama, Baba ya gyara zama.

"Bindigar iska zan saya," ya ce. "In kashe ɓarnar, in kawo nama gida."

"To Baba, mu yi haka," in ji Yaya. "In ka iya sarrafa ta da hannunka, na janye maganata. In ta gagara, ku tattaro."

Ni Yaya ya ɗora wa aikin kai shi shago da kawo rahoto, don ni ce auta, kuma auta ba ta da ikon cewa a'a. Haushi ya cika ni. Mama ma ta yafa mayafi ta biyo mu, ta ce gara ta gani da idonta a huta.

Shagon ƙarami ne, warin man bindiga ko'ina, ƙugiyoyin kamun kifi a gefe guda, bindigogi jere a bango. Mai shagon ya fara miƙo wata mai aiki da gas, ya ce ba ta buƙatar ƙarfi.

"Abin da ba zan iya kwancewa in ɗaura ba, ba ya shiga gidana," in ji Baba. "Mai sifirin nake so."

Ita mai sifirin, sai ka kama bututunta ka lanƙwaso shi ƙasa da ƙarfin hannu har ka ji ƙas, sannan ta ɗanu. Baba ya nuna wadda ta fi kowacce girma, mai baƙin katako. Ya kafa gindinta a cinya, ya kama bututun, ya ja. Ta taho rabi ta tsaya. Jijiyar wuyansa ta miƙe, bututun ya koma inda ya fito. Ya sake, ta sake ƙi. Na kau da kai ina karanta farashin ƙugiya kamar zan saya.

Allah ya yi wa mai shagon nan albarka. Ya karɓe ta yana tsaki, ya ce, "Dama ba zan ba ka wannan ba, Baba. Ta samari ce masu son a gan su. Ragargaza zomo take yi, ga nauyi, ga duka a kafaɗa. Masu farautar gaske wannan suke ɗauka."

Ya sauko da wata siririya mara nauyi. Baba ya san ana lallaɓa shi, na gani a idonsa, amma ya karɓa. Ya ja numfashi, ya ja bututun. Ƙas! Ya dube ni, ya dubi Mama da ke zaune a benci ta haɗe rai.

"Auta, kin ji ko?"

"Na ji, Baba." Dariya nake, hawaye na neman kunyata ni.

Mai shagon ya buɗe gwangwanin harsashi, ƙwayoyin dalma ne ƙanana, ba su kai ƙwayar masara ba. Ya ce Baba ya sa ɗaya ya gwada a allon da ke ƙuryar shagon. Baba ya sa yatsu ya ɗauko, ta suɓuce. Ya ɗauko wata, ya kai ta bakin ramin, ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kantar shagon. Ashe yatsun ba sa jin abin da suka riƙe. Duk lissafinmu a kan ƙarfi yake, ba wanda ya tuna da wannan. Ya gwada da hagu, ta shiga a karkace ta faɗo. Sai ya tsaya da bindigar a buɗe, yana kallon tafin hannunsa. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

"Mayar da ita, ɗana," ya ce wa mai shagon a hankali. "Auta, ki faɗa wa yayanki abin da kika gani."

Mama ta miƙe. Na ɗauka ƙofa za ta nufa. Sai ta duƙa ta tsinci ƙwayar da ta faɗi, ta goge ta da gefen mayafi.

"Wane gefen ne gaba?" ta tambayi mai shagon.

Ya nuna mata. Ta tura ta cikin ramin da babban yatsa, ta ce, "Rufe, Malam. Sai ka tsaya kana kallona?"

Baba ya rufe, ya ɗaga, ya ja kunama. Ƙwayar ta samu allon a can gefe, amma ta samu.

Muna nan wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ina ɗauka, Mama ta fizge.

"Ya ɗana, ya harba," ta ce.

Na ji muryar Yaya yana tambaya, "Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai? Rabon ubanka da yin wani abu shi kaɗai tun kafin a haife ka. Ɗakin nan ka sa wa yara gado."

Ta miƙo min wayar, ta juya wurin mai shagon ta tambaye shi ko yana da takalmin shiga lambu daidai ƙafarta.